Ina ake samun kiɗan gaske da baje kolin aikin hannu a cikin garin Bauchi?

Baƙo a Fadaman Mada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da 'yan uwa baki ɗaya. Ni mutumin jihar Gombe ne, daga wajen Dukku, aiki ne ya kawo ni Bauchi, kuma yau wata takwas ke nan da na tare da iyalina a Fadaman Mada. Gari ya karɓe mu hannu bibbiyu, sai dai akwai abu ɗaya da na nema na rasa, shi ya sa na ga ya dace in tambayi waɗanda suka riga ni sanin gari.

Na tashi a gidan da ke maƙwabtaka da mahauta, saboda haka da sautin kalangu na yi wayo. Duk ranar kasuwa makaɗinsu yakan tsaya a gefen rumfar nama, ya matse kalangu a hammata, ya riƙa kiran mahauta ɗaya bayan ɗaya da takensu, har mu yara mukan gane wanda ake kira tun kafin maroƙi ya buɗe baki. Na ɗauka idan na zo babban gari kamar Bauchi, wanda yake hedkwatar jiha tun 1976, zan tarar da irin wannan ninkin ba ninkin. Abin da na tarar daban ne. An gayyace ni dinar biki a wani ɗakin taro, aka ce wani mawaƙi zai yi wasa, na yi ta murna. Da ya zo sai aka saka waƙarsa a na'ura, shi kuma ya riƙe makirufo yana bin ta da baki, kuma da aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto, waƙa ta tsaya cak, shi ma ya tsaya yana kallon mutane. Karo na biyu na sayi tikiti na tafi da 'yata wani wasa da aka ce za a fara ƙarfe huɗu, ba a fara ba sai bayan sallar Magariba, ga ƙarar lasifika ta yi yawa har yarinyar ta toshe kunnuwa ta ce mu tafi gida.

Tambayata ita ce, a ina mutum zai je ya ji kiɗan da hannu ke yi da waƙar da maƙogwaro ke fitarwa a gabansa, kuma a wane lokaci? Shin akwai wurin da magidanci zai iya zuwa da matarsa da 'ya'yansa ba tare da ya ji kunya ba? Sannan ita wannan yarinya, shekararta tara, tana da son zane ƙwarai, duk takardar da ta samu sai ta cika ta, ina so in kai ta inda za ta ga masu aikin hannu da masu zane da idonta. Na gode.

Tsohon Malami daga Jahun ya amsa:

Wa alaikumus salam. Barka da zuwa, ɗana, Allah ya sa ka zo a sa'a. Abin da kake nema yana nan bai tafi ko'ina ba, sai dai ka neme shi a inda ba ya zama. A garin nan kiɗa ba ya tsayawa shi kaɗai a sayar masa da tikiti. Yana bin sabga ne, yana bin sarauta, yana bin sana'a, yana kuma bin watannin shekara. Wanda ya san waɗannan ba zai yi wata guda bai ji kiɗa ba, wanda kuma yake jiran ya ga an manna takarda a bango zai shekara yana cewa garin shiru.

Ka fara da Sallah, ƙarama da babba. Kada ka yi irin kallon da yawancin mutane ke yi, wato su zuba wa dawaki da rawuna ido su bar kunnuwansu a gida. Ka je ƙofar fada da wuri ranar hawan Sallah da ranar hawan Daushe, ka sami wuri a gefen hanyar da hakimai ke bi, ka tsaya wuri ɗaya kada ka bi taro. Kowane hakimi yana tafe da makaɗansa da maroƙansa, kuma kowanne da takensa, saboda haka a yamma ɗaya za ka ji abin da in da za ka bi shi gari-gari sai ka yi wata kana yawo. Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa garin nan a 1809, Bagere ne, kuma ƙasar da ya haɗa ƙasa ce ta ƙabilu da yawa, akwai Gerawa da Jarawa da Fulani da Hausawa da sauransu. Wannan yana fitowa a cikin kiɗan ranar hawa. Wata tawaga za ta wuce da ganguna masu nauyin sauti da rawa irin ta mutanen duwatsu, ta bayanta kuma ta zo da kalangu da kirari irin wanda ka saba ji, kafin ka gama tunani sai ga sarewar Fulani.

Idan ka ji kakaki, to Sarki ya kusa, domin ba a busa wa kowa shi sai sarki. Ka duba tsayinsa, ya fi mutum, kuma mai busa shi yakan ɗaga shi sama ya karkata shi yana fitar da sauti kaɗan masu nisan zango, waɗanda masu kunne suke jin kalmomin kirari a cikinsu. Amma ni wanda nake so ka nuna wa 'yarka shi ne mai algaita. Ku matsa kusa ku kalli kumatunsa, sun kumbura kamar an cusa lemo a kowane gefe, kuma sautin ba ya yankewa ko da na ƙiftawar ido. Dabarar ita ce yana tara iska a kumatu yana tura ta cikin algaita, a daidai lokacin kuma yana shaƙar wata ta hanci. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo mai algaita tun daga fitowar Sarki har aka fara jahi, gumi na bin wuyansa, idonsa a rufe, ban ji inda ya tsaya ya huta ba. Yaro yakan yi shekaru yana koyon wannan numfashi kafin a bar shi ya shiga sahun mabusa.

Ba sai an jira Sallah ba. Naɗin sarauta ba ya ƙarewa a fada, kuma duk ranar da za a yi naɗi makaɗa sukan hallara tun safe, daga nan su raka wanda aka naɗa har gidansa, inda ake wuni ana kiɗa a ƙofar gida, ba mai tambayar ka katin gayyata muddin ka tsaya da ladabi. A masarautu da yawa na Arewa akwai kuma al'adar kaɗa tambari da bushe-bushe a ƙofar fada a daren Juma'a da daren Sallah. Ka saba da gaida dogarai idan ka bi ta wajen, su ne suka fi kowa sanin ranar da za a yi wani abu.

Kalangun da kake kewa kuwa, ka koma wa masu shi. Ka je wajen mahauta a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ka sayi namanka, ka gaya wa wanda ka ga ya manyanta cewa kai maƙwabcin mahauta ne a garinku, kana son ka san inda ake dambe da ranar da wani nasu yake da biki. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kuma shi ne wurin da kalangu ya fi sakewa, musamman da kaka bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da 'yan dambe da 'yan kokawa ke yawon gari-gari. A nan za ka ga abin da ya sa ake cewa kalangu yana magana. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi kuma makaɗi idan ya matse igiyoyin fatar da hammatarsa sauti ya hau, idan ya saki ya sauka, sai ya bi karin kalmomi daidai yadda baki zai faɗe su. Ɗan dambe yana zaune a gefe kamar ba shi a wurin, da an taɓa takensa sai ka ga tsigar jikinsa ta tashi, ya miƙe yana karkarwa yana kirari. Sai dai filin dambe ba wurin kai ƙaramar yarinya ba ne, wannan naka ne kai kaɗai. Nata shi ne tashe, idan azumi ya kai kwana goma, lokacin da yara ke bi gida-gida da gwangwanaye da gemun auduga. Ka tanadi canji da ɗan hatsi, ka bar su su shigo su gama wasansu.

Abu ɗaya nake roƙon ka. Idan ka ji kiɗa ya yi maka daɗi, ka ba makaɗi wani abu, kome ƙanƙantarsa. Mutanen nan ba su da albashi, kyautar masu sauraro ita ce abincinsu. Na koyar a firamare shekara talatin da wani abu, kuma 'ya'yan makaɗa da yawa sun bi ta hannuna. Kaɗan ne daga cikinsu suka ɗauki gangar ubansu, sauran suna tuƙa Keke Napep ko suna sayar da kayan waya, kuma ban ga laifinsu ba, domin sun ga yadda uban ya tsufa hannu wofi bayan ya gama wasa masu kuɗin gari. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin taken gidaje da kirarin da ke cikin kan waɗannan tsofaffi ba a rubuce yake ba.

Ɗalibin Gubi ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka, musamman zancen numfashin mai algaita wanda ban taɓa lura da shi ba. Amma ina neman izini in ɗan saɓa maka a wuri guda. Idan muka ce kiɗa sai an jira Sallah ko naɗi ko kaka, to mun yarda ke nan cewa makaɗi ba zai ci abinci ba sai wani babba yana da sabga, kuma ina ganin wannan shi ne ainihin abin da ya kori 'ya'yan makaɗan da ka ambata. Na san wani saurayi mai goge a unguwarmu, da hannunsa ya haɗa gogensa, ƙwarya ce ya rufe da fatar guza ya ɗaura mata gashin wutsiyar doki, kuma idan ya ja ta sai ka rantse mutum ne ke kuka. Ba shi da ubangida, ba ya cikin makaɗan kowane hakimi, masu biki kuma sun fi son mai na'ura. Irinsa ba abin da zai cece shi sai dandalin da mutum ɗari za su biya kuɗi kaɗan-kaɗan su zauna su saurare shi na awa biyu. Saboda haka ni ban ga aibin tikiti ba, aibin yana wajen masu shirya wasa da ba sa cika alkawarin lokaci, kamar yadda ya faru da Yaya mai tambaya.

Game da mawaƙin da ya tsaya da aka ɗauke wuta, Yaya, ba ina kare shi ba ne, amma yana da kyau a san dalili. Yawancin waƙoƙin zamani a situdiyo ake gina su, mutum ɗaya ne yake zama da fiyano da kwamfuta ya haɗa ganga da sarewa da kalangu duk daga cikin na'ura, sannan a gyara muryar mawaƙi da ta 'yan amshi. Waƙar da aka haifa haka ba ta da makaɗan da za su bi ta zuwa fili. Idan mawaƙi ya ce zai zo da mutum shida masu kayan kiɗa, sai ya biya su kuɗin mota da na atisaye da na ranar wasa, shi kuwa mai biki ba zai ƙara ko sisi ba, don haka sai ya zo da filash a aljihu. Duk lokacin da za ka sayi tikiti, ka tambayi masu shiryawa kai tsaye ko da makaɗa za a zo, kuma idan ka shiga ka duba dandamali. In ba ka ga ganga ko fiyano an kafa ba, ka san abin da za ka gani.

Wuraren da zan ƙara a kan na Baba su ne makarantu. A jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Yalwa da Gubi, da kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi da na ƙabilu sukan yi ranar al'adu, da rana ake yi, a fili, kuma sau da yawa daga gida suke ɗauko makaɗa na gaske domin kowa yana son ya fi ɗan'uwansa. A wuni ɗaya za ka ga rawar Tibi da ta Jarawa da ta Tangale da ta Yarbawa. Jami'ar tana kuma da sashen koyar da zayyanar kayan masana'antu, inda ɗalibai ke ginin tukwane da rini da saƙa da zane, kuma idan sun baje ayyukansu na ƙarshen karatu, wannan wuri ne da ya dace ƙanwata mai son zane ta gani. Akwai kuma zaman marubuta, inda ake karanta gajerun labarai a rera rubutacciyar waƙa da baki ba tare da kiɗa ba. Garin Malam Sa'adu Zungur ne fa, wanda ya rasu a 1958, bai kamata a ce rera waƙa ta zama baƙuwa a cikinsa ba. Sanarwar irin waɗannan taruka a Facebook da WhatsApp take yawo, sai kuma gidajen rediyo irin su BRC da Globe FM.

Ƙarin bayani kan kyautar da Baba ya ce a bayar: a miƙa ta a hannu ko a saka a faranti. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta hana liƙi da tattaka naira, hukuncinta ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan an gurfanar da mutane a kanta.

Maƙwabci daga Yalwa ya amsa:

Ɗan'uwa, sannu da zuwa. Ni Kirista ne, kuma ina so in ƙara abin da ba a ambata ba. Idan kiɗan hannu da muryoyi masu jituwa kake so, ka saurari Zumuntar Mata a majami'un ECWA da COCIN na wajen Yalwa. Da Hausa suke waƙa, sanye da zane iri ɗaya, ɗaya tana bayarwa sauran suna amsawa, kayan kiɗansu kuwa tulu ne na ƙasa da ake bugun bakinsa da tafin hannu ko da ɗan matashi, sai ƙananan ganguna da kacau-kacau. Ba sai ka shiga majami'a ba, domin sukan fito bukukuwan aure da tarukan unguwa, kuma a watan Disamba kusan kowace yamma suna atisaye, daga bakin titi ma ana ji. Idan kana da hali ka fita bayan gari, al'ummar Zaar, waɗanda aka fi sani da Sayawa, suna da bikin al'adunsu na shekara-shekara a yankin Tafawa Ɓalewa da Bogoro, mutanen Dass ma suna da nasu raye-rayen. Kai da kake ɗan Gombe, in ka je hutun ƙarshen shekara ka leƙa Kaltungo da Billiri, lokacin ne 'yan ƙasar ke komowa gida ana wasanni.

Uwar Yara daga Wunti ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam, na ga duk amsoshin da aka ba ka na maza ne, alhali ka ce kana son abin da iyalinka ma za su amfana. To, rabin kiɗan garin nan a cikin gidaje yake, inda kai ba za ka shiga ba, amma maiɗakinka da 'yarka za su shiga har ƙurya. Ina nufin kiɗan ƙwarya da ake yi a wunin biki da kamu da suna. Akan cika babbar ƙwarya ko baho da ruwa a kifa ƙarama a kai, a jera wasu busassu a gefe a kife a ƙasa, mata su zauna su kewaye su da 'yan sanduna. Ta kan ruwan tana ba da sauti mai zurfi da ake ji a ƙirji, busassun kuma suna ba da mai kaifi, zabiya tana bayarwa ana amsa mata, ana tafi ana guɗa. Wannan ita ce amada, wadda marigayiya Barmani Choge, da ta rasu a 2013, ta fitar da ita daga tsakar gida ta kai ta ko'ina. A cikin waƙoƙin akwai habaici tsakanin kishiyoyi, akwai yi wa mace faɗa ta tashi ta nemi sana'a, akwai yabon haihuwa, kuma zabiyar kirki takan saka sunan matar da ke gabanta a cikin baiti nan take. Har yanzu a cikin tsofaffin unguwanni akwai gidajen da ba sa yarda a yi wuni da mai na'ura kaɗai. Hanyar shiga ɗaya ce, maiɗakinka ta saba da maƙwabta, ta je barka ta je gaisuwa, ta shiga adashi ko Islamiyyar matan unguwa. Ba za ta yi wata biyu ba za a fara kawo mata goro da alawar gayyata.

Zancen jin kunya da ka yi, na fahimce shi, domin mu ma muna dubawa kafin mu bar yaranmu su je wuri. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kowane gida kuma da inda ya tsaya, ba zan shiga wannan ba. Abin da nake yi dai shi ne, ina zaɓar taron da ake yi da rana, wanda aka ware wa mata wurinsu, kuma da an kira Magariba mun kama hanyar gida. A watan Maulidi ma, ga masu zuwa, akwai sha'irai masu muryoyi na ban mamaki, wasu da mandiri wasu da baki kawai.

Ita kuwa mai son zane, shawarata kada ka fara kai ta shagon da ake jera kaya don baƙi. Ka kai ta inda ake yin aikin. Ta zauna kusa da mai ɗinkin hula ta ga yadda ake fara zana fasalin a kan farin ƙyalle kafin allura ta bi shi rami-rami, ta ga dukawa suna yanka jar fata suna ɗora ta kan baƙa, ta ga mai zanen ƙwarya yana ƙona ƙarfe a wuta yana jan layi ba tare da ma'auni ba, layin kuma ya zagayo ya haɗu da mafarinsa. Ta ga masu saƙa faifai da tabarma yadda suke rina kaba. Idan akwai makarantar allo kusa da ku, ka roƙi malamin ya nuna mata allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da tawada baƙa da ja da rawaya. Ni 'yata ta fari daga wajen mai lalle ta fara, tana riƙe mata kwano tana kallo, yau ita ke zana wa amaren unguwarmu. Masu sana'a ba sa ƙin yaro mai tambaya, musamman idan uban ya sayi ɗan wani abu kafin a tashi. Ka kuma kai ta kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan da aka kashe a Janairun 1966, domin ginin kansa abin kallo ne: ana bi ta wani lungu mai duhu, haske yana ƙaruwa a hankali, har a fito inda kabarin yake a sarari ba rufi, kuma akwai ɗakin da aka ajiye hotunansa da kayayyakinsa. In ta ƙara girma, akwai zanen dabbobi na mutanen da a jikin duwatsun Geji, a ƙaramar hukumar Toro, da kuma na Shira.

Gargaɗi ɗaya game da ranar hawa, tunda Baba ya ce ku matsa kusa da mai algaita. Shekarun baya ɗana ya suɓuce daga hannuna a daidai lokacin da dawaki suka taso, taro ya tura ni gefe guda shi kuma ya yi wani gefen, na yi kusan awa ɗaya ina nemansa ina kuka kafin wani mai sayar da rake ya kawo shi a kafaɗa. Tun daga ranar nake rubuta lambar waya a takarda in saka wa kowane yaro a aljihu. Ka ɗora ta a wuya, ku tsaya ta bayan dogarai, kuma kada ku tsallaka hanya idan an fara jahi.

Baƙo a Fadaman Mada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya, da ƙanina na Gubi, da maƙwabcinmu na Yalwa. Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar na je Muda Lawal na yi yadda Baba ya ce, kuma dattijon da na samu, da ya ji na ambaci taken mahautan garinmu, sai ya ajiye wuƙa ya ƙarasa mini shi da baki. Ya ce ɗan ƙaninsa zai yi aure mako biyu masu zuwa, za a yi kiɗan kalangu a ƙofar gida bayan La'asar, in zo. Maiɗakina kuma ta ce a gaida Hajiya, ta riga ta yi magana da matar maigidan da muke haya. Ƙanina, ina son in ji wannan mai goge naka, idan ana iya haɗa mutum goma ko ashirin mu ba shi wani abu ya yi mana wasa da rana, ni ne na farko. Saura tambaya ɗaya ga Baba: ni baƙo ne a wurin bikin nan, yaya zan yi idan maroƙi ya juyo kaina, tunda bai san ni ba, ni kuma ban san abin da aka saba bayarwa ba?

Tsohon Malami daga Jahun ya sake amsawa:

Madalla, ɗana. Kafin in amsa maka, ɗalibinmu ya yi gaskiya a kan mai goge, ku sa ni a cikin mutum ashirin ɗin, kuma zauren gidana yana da faɗi idan ba ku sami wuri ba.

Game da biki, ka fara isa wurin dattijon da ya gayyace ka ka gaishe shi, shi zai zaunar da kai, kuma shi zai raɗa wa maroƙi sunanka da garinku, domin maroƙi ba ya wasa mutum sai ya tambaya. Idan ka ji an ambace ka, kada ka yi saurin miƙa hannu, ka bari ya kai ƙarshen kirarin, kalangu ya maimaita, sannan ka tashi. Ba a yanka wa baƙo farashi, abin da ka iya shi ne daidai, sai dai ka canza kuɗinka zuwa ƙananan takardu tun daga gida ka raba su uku, domin za a dawo kanka fiye da sau ɗaya. Kashi na farko ka ba maroƙi, shi zai ɗaga ya sanar. Na biyu ka bayar da sunan ango. Na ukun ka riƙe shi har a tashi, ka je inda mai kalangu yake kwance kayansa ka saka masa a hannu, ka tambaye shi sunan wanda ya koya masa, sannan ka tambaye shi inda zai yi wasa mako mai zuwa.